Tsohuwar Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu: Yadda Take Aiki da Yadda Ake Gano Cutarta

Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasar da ta taso daga Yako da Kiru da Bebeji, ta gangara kudu zuwa Tudun Wada da Doguwa, ya san cewa hanyoyin wannan yanki iri biyu ne. Akwai kwalta, kamar wadda ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Saminaka da Jos. Akwai kuma hanyoyin burji da na jar ƙasa, waɗanda suka ratse daga kwaltar suka shiga ƙauyuka, wasu ta gefen madatsar ruwa ta Tiga wadda aka kammala a 1974, wasu kuma ta gindin duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Wannan yanki ya fi sauran sassan Jihar Kano samun ruwan sama. Saboda haka da zarar watan Agusta ya kama, sai rafuka su cika, hanyoyin burji su koma taɓo, ƙauyuka da yawa kuma babu motar da ke isa gare su sai mai jan ƙafa huɗu, wadda direbobi kan kira fowil.

Irin wannan mota ita ke shigar da taki, ita ke fito da masara da shinkafa, ita ke kai ma'aikatan allurar rigakafi, ita kuma ake nema da tsakar dare idan naƙuda ta zo wa mace da gardama. Da yawa daga cikin motocin sun girmi ɗaliban da ke karanta wannan darasi. Abin da za mu nuna a nan shi ne, yawancin abin da ke kashe su ba tsufa ba ne, rashin sanin yadda suke aiki ne. Kuma hanyar gano cutarsu ita ce dai hanyar da ake koya wa ɗalibi a ɗakin gwaje-gwaje: lura, zato, sa'an nan gwaji.

Iri uku ne, ba ɗaya ba

A motar da aka saba gani, kamar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, injin yana juya ƙafafu biyu ne kawai, sauran biyun bi suke yi. A mai jan ƙafa huɗu kuwa, bayan babban giyabos akwai wani ƙarami, wanda kanikawa ke kira taransifa. Shi ne ke raba ƙarfin injin gida biyu, ya aika ta farfela zuwa aksil na gaba da na baya. Sai dai yadda ake wannan rabo ya bambanta.

Na farko shi ne wanda direba ke sawa da kansa, ya kuma cire da kansa. Haka Land Rover ta dā take, wato zuriyar wadda aka fara nunawa a birnin Amsterdam a 1948, har zuwa samfuri na uku da aka daina ƙerawa a 1985. A cikinta direba yana danna sanda mai rawayan kai domin haɗa ƙafafun gaba, yana kuma jawo mai jan kai domin shiga giyar ƙarfi. Haka ma tsofaffin Toyota Hilux, da Land Cruiser samfurin 40 (1960 zuwa 1984) da yawancin samfurin 70.

Na biyu shi ne wanda ƙafafun huɗu ke ja a kullum, kamar Range Rover tun daga 1970, da Land Rover 110 daga 1983, wadda aka raɗa wa suna Defender a 1990, da kuma da yawa daga Land Cruiser samfurin 80.

Na uku shi ne wanda motar ke yanke wa kanta shawara. Alal misali, Honda CR-V ta farko, wadda ta fito a 1995, da ƙafafun gaba take tafiya, sai sun fara santsi ne wata na'ura ke haɗa na baya. Irin waɗannan ƙananan jif-jif sun shigo ƙasar nan da yawa a matsayin 'yan Kwatano.

Matakin farko na kula da mota, ke nan, shi ne mai ita ya san wace iri ce tasa, domin abin da ke raya wata shi ke kashe wata.

Lissafin kwana

Tushen dukkan wannan darasi abu ɗaya ne: idan mota tana shan kwana, ƙafafunta huɗu ba su yin tafiya daidai da juna. Mu ɗauka tsakanin tayar hagu da ta dama akwai mita 1.5, motar kuma tana kwana hagu. Idan tayar ciki tana bin da'ira mai nisan mita 5 daga tsakiya, ta waje tana bin mai mita 6.5. A rubu'in da'ira, ta ciki za ta yi tafiyar mita 7.85, ta waje kuma mita 10.2. Bambanci ya haura mita 2. Da a ce sanda ɗaya ce ta haɗa su, da dole ɗaya ta ja ƙasa. Wannan ne ya sa aka sanya wa kowane aksil wani tarin haƙora a tsakiyarsa, wato tulun nan da ake gani a ƙarƙashin mota, mai suna difaranshal. Aikinsa shi ne ya bar kowace taya ta yi gudun da ya dace da ita, alhali duka biyun suna samun ƙarfi.

To, akwai irin wannan bambanci tsakanin gaba da baya ma. A Land Rover 110 tsakanin aksil biyu akwai inci 110, wato kimanin mita 2.8. Idan tsakiyar aksil na baya yana mita 6 daga tsakiyar da'ira, ka'idar Pythagoras ta nuna cewa na gaba yana mita 6.62. A rubu'in da'ira na baya zai yi mita 9.42, na gaba kuma mita 10.39. Ashe a kwana ɗaya tak gaba ya fi baya tafiya da kusan mita guda.

Mota iri na biyu tana da difaranshal na uku a cikin taransifa, wanda ke shanye wannan bambanci. Iri na farko ba ta da shi: da an sa ta a ƙafa huɗu, farfelar gaba da ta baya sun zama tamkar sanda ɗaya. A kan taɓo ko yashi babu laifi, domin taya za ta ɗan zame, bambancin ya tafi. A kan busasshiyar kwalta kuwa taya ba ta zamewa, sai ƙarfen ya riƙa murɗewa kamar yadda ake matse jiƙaƙƙen tsumma. Alamunsa su ne: sitiyari ya yi nauyi, tayoyi su riƙa ƙara a kwana, sandar taransifa ta ƙi fita. Maganinsa shi ne a yi baya a miƙe na 'yan mitoci, ko a sauka gefen hanya kan ƙasa mai laushi, sai sandar ta saku. Idan aka yi ta tafiya a haka, ƙarshenta wani haƙori ko gaɓa ya karye. Direban da ya fito daga ƙauye ya hau kwaltar Tudun Wada bai cire ƙafa huɗu ba, shi da kansa yake karya motarsa. Wannan hukunci ya hau kan mai iri na biyu ma, idan ya kulle difaranshal na tsakiya ya manta bai buɗe ba.

Taya huɗu, girma ɗaya

Al'ada ce a sayi taya ɗaya idan ɗaya ta mutu, ko da ba girmansu ɗaya da sauran ba. Mu duba da lissafi. Sabuwar taya mai faɗin santimita 75 tana da kewayen mita 2.36, tana juyawa kamar sau 425 a kilomita. Idan ta cinye da santimita 1, faɗinta ya koma 73, sai ta riƙa juyawa kamar sau 436. Bambancin ya kusa 12 a kowace kilomita, wato sama da juyi 1,000 a tafiyar kilomita 100. Na'urar da ke tsakiyar mota iri na uku ba ta iya bambance wannan da santsi, saboda haka sai ta yi ta aiki ba hutu, ta yi zafi, ta lalace. An san Land Rover Freelander ta 1997 da wannan matsala. Ka'ida ita ce, tayoyi huɗu su kasance girma ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya, iskarsu kuma yadda kamfani ya tsara. A riƙa sauya musu wuri lokaci lokaci don su cinye tare.

Idan mota ta kafe

Difaranshal yana da aibi guda: ƙarfin da yake bai wa taya ɗaya, shi yake bai wa 'yar'uwarta. Idan ɗaya ta faɗa santsi tana juyawa a banza, wadda ke kan ƙasa mai ƙarfi ba ta samun abin kirki. Shi ya sa za a ga mota mai jan ƙafa huɗu ta kafe, taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suna watsa laka, sauran biyun suna tsaye cik. Taka totur a wannan hali haƙa rami ne kawai. Bugu da ƙari, idan tayar da ke gudu a banza ta cafki dutse farat ɗaya, sandar da ke cikin aksil tana iya tsinkewa. An san sandunan baya na tsohuwar Land Rover da wannan. Abin yi shi ne a tsaya, a haƙe gaban taya, a cusa rassa ko duwatsu ƙarƙashin wadda ke santsi, a sa giyar ƙarfi, a tashi sannu a hankali.

A kan yashi kuwa, darasi yana wajen raƙumi. Tafin ƙafarsa yana bajewa idan ya taka, nauyinsa ya rabu a kan fili mai faɗi, shi ya sa ba ya nutsewa inda jaki zai nutse. Mota mai kilo 2,000 tana ɗora kimanin kilo 500 a kan kowace taya. Idan aka rage iska, alal misali daga 35 zuwa 20 a ma'aunin masu faci, tafin tayar zai ƙara tsawo, dannawar da take yi wa yashi ta ragu. Amma tilas a mayar da iskar kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi idan ana gudu, har ta fashe.

Ruwa, ƙura da zafi

Ruwa. Bayan doguwar tafiya tulun aksil yakan yi zafi. Da ya shiga ruwan rafi mai sanyi, iskar da ke cikinsa sai ta tsuke, kamar yadda ɗalibai suka koya a darasin iskar gas, ta zuƙo ruwa ta 'yar kafar numfashin da ke samansa ko ta bakin robobin da suka tsufa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Man da ya haɗu da ruwa yakan yi fari fari kamar kunu, ba ya kuma iya hana ƙarfe cin ƙarfe. Don haka bayan an ƙetare ruwa mai zurfi a kwance kusar aksil da ta taransifa a duba. Idan man ya sauya launi a zubar a sa sabo, wato man giya mai kauri irin wanda littafin motar ya ambata, wanda a tsofaffin motoci yawanci mai lamba 90 ne. Haɗari mafi girma shi ne ruwa ya shiga ta inda injin ke shaƙar iska. Injin dizal yana matse iska kusan sau 20, amma ruwa ba ya matsuwa. Ruwan da bai cika kofin shayi ba ya isa ya lanƙwasa sandar fistan. Idan injin ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a sake murɗa makulli, a jawo motar waje tukuna. Rafin da ke gudu da ƙarfi bayan ruwan sama kuwa, jira ake yi ya janye, domin yakan tafi da mota da mutanen cikinta. Bayan an fito daga ruwa a ɗan riƙa taka birki har ya bushe.

Ƙura. Mutum a zaune yana shaƙar iska lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya, gashin hanci da majina kuma suna tare masa ƙura. Injin dizal mai lita 2.5, idan yana juyi 2,000 a minti, yana shaƙar kusan lita 2,500. A lokacin hunturu, a kan hanyar burji, wannan iska cike take da garin yashi, wanda ya fi ƙarfen injin tauri. Matatar iska ita ce hancin mota. A tsohuwar Land Rover matatar kwano ce mai mai a ciki, ana wanke ta a sauya man. Ta takarda kuwa kakkaɓe ta ake yi a hankali, a sauya idan ta huje. Tafiya babu matata daidai yake da zuba yashi cikin injin.

Zafi. Jikin ɗan Adam yana riƙe zafinsa a kan digiri 37: idan ya haura sai gumi ya karyo, idan ya sauka sai kaɗuwar sanyi. Injin ma yana da zafin da ya fi aiki a kansa, wajen digiri 80 zuwa 90, kuma wata 'yar na'ura mai suna tamostat ce ke tsare wannan iyaka. Kanikawa da yawa kan cire ta su yar, wai ƙasarmu da zafi. Sakamakon haka injin yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai da yawa, ya kuma cinye da wuri, alhali ainihin abin da ya kawo zafin yana nan. Sau da yawa lagireto ne ya toshe, daga waje da laka da 'ya'yan ciyawa, daga ciki kuma da tsatsa da dattin ruwan rafi. Murfin lagireto ma yana da aiki: yana riƙe matsi don kada ruwan ya tafasa a digiri 100, sai wajen 120. Shi ya sa buɗe shi da zafi yakan ƙone fuska da hannu. Da kaka kuma a riƙa cire busasshiyar ciyawar da ke maƙalewa kusa da salansa, domin tana iya kama wuta.

Hanyar gano cuta

Ɗalibin ilmin halittu ya san mabuɗin tantance tsirrai: ana yin tambaya mai amsa biyu, kowace amsa ta kai ga wata tambayar, har a isa ga sunan tsiron. Haka ake yi wa mota. Alal misali, ta ƙi tashi da safe. Shin injin yana juyawa idan an murɗa makulli? Idan ba ya juyawa, a kunna fitilu a sake murɗawa. In sun dushe, batir ne ya yi sanyi ko kansa ya yi datti. In ba su dushe ba, a duba waya da kik. Idan kuwa yana juyawa amma bai kama ba, to ɗaya daga abu uku ya rasa: mai, iska ko wuta. A injin fetur a duba ko fulogi na ba da tartsatsi. A na dizal a duba ko iska ta shiga bututun mai, ko ruwa ya taru a matatar mai, ko kuma hita ta mutu, wadda aka fi ganewa da sanyin safiyar hunturu.

Ga wasu alamu da abin da aka fi zato:

1. Ƙas-ƙas-ƙas daga gaba yayin shan kwana a ƙafa huɗu: gaɓar da ke bayan taya ta cinye, yawanci don robarta ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga.
2. Ƙwal idan an saki kuloci, ko karkarwa idan gudu ya ƙaru: kuros na farfela. A kashe injin, a tare tayoyi da duwatsu, a girgiza farfelar da hannu. Bai kamata ta yi wasa ba.
3. Kuka mai ƙaruwa da gudu, wanda ke sauyawa idan an ɗaga ƙafa daga totur: difaranshal, ko ƙarancin mai a cikinsa. Idan kuwa yana sauyawa ne da juya sitiyari, boris ɗin taya ne.
4. Injin na aiki, giya ta shiga, mota ba ta motsi, amma tana tafiya da an sa ƙafa huɗu: ƙarfi ba ya kaiwa ga tayoyin baya, galibi sandar aksil ce ta tsinke.
5. An sa ƙafa huɗu amma tayoyin gaba ba su ja: a duba makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba na Hilux da Land Cruiser, dole duka biyun su kasance a kulle. Yana da kyau a riƙa kulle su sau ɗaya a wata a yi 'yar tafiya, don mai ya zagaya.
6. Gurnani daga baya a tsohuwar CR-V yayin kwana mai tsanani: sau da yawa man na'urar baya ne ya tsufa. Tana da nata mai na musamman, man giya na gama-gari ba ya yi mata.
7. Hayaƙi: baƙi yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sai a fara da matatar iska, shuɗi yana nuna baƙin mai na ƙonewa, fari mai kauri bayan injin ya ɗumama, tare da raguwar ruwan lagireto, yana nuna gaskit ya ƙone.

Ka'idoji uku ke tafiyar da wannan aiki. A fara da abu mai sauƙi da araha kafin mai tsada. A sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, domin wanda ya sauya abu uku tare bai san wanne ne ya yi magani ba, kamar mai gwajin da ya sauya taki da ruwa da iri a kwali ɗaya. Sa'an nan a ajiye littafi a rubuta ranar da aka sauya mai da adadin kilomita, da kowace sabuwar ƙara da ranar da ta fara. Abu na ƙarshe, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Kammalawa

Mun ga cewa ƙafafun mota ba su tafiya daidai a kwana, kuma daga wannan gaskiya guda ne sauran ka'idoji suka fito: a cire ƙafa huɗu a kan kwalta, a daidaita tayoyi, kada a yi wa motar da ta kafe ƙarfi. Mun kuma ga cewa ruwa da ƙura da zafi su ne manyan abokan gabar tsohuwar mota a wannan yanki, kuma duba su ba ya cin kuɗi. Lokacin da ya fi dacewa da wannan dubawa shi ne watan Afrilu da Mayu, kafin ruwa ya sauka sosai, domin rigakafi ya fi magani, kuma babu gareji a tsakiyar dajin Falgore.

Aiki ga ɗalibai

1. Ku ɗaura igiya a turke a filin makaranta. Ɗalibi ɗaya ya riƙe ta a mita 5, wani a mita 6.5, su zagaya tare. Ku ƙirga takun kowannensu, ku bayyana bambancin.
2. Ku zuba man gyaɗa da ruwa a kwalba ku girgiza sosai. Wane launi kuka gani? Ku kwatanta santsinsa da na tsantsar mai a tsakanin yatsu.
3. Tayar gaba faɗinta santimita 70, ta baya 72. Ku lissafa bambancin juyinsu a kilomita 50.
4. Da jagorancin malaminku, ku ziyarci bakanike mafi kusa, ku roƙe shi ya nuna muku cikin difaranshal. Ku zana abin da kuka gani, ku rubuta sunan da yake kiran kowane sashe da shi.